Maginan da Ruwan Alau Ya Haifa

Ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau ya wayi garin 10 ga Satumban 2024 a tsakiyar Maiduguri, kuma bai yi wa kowa sallama ba. Ta zaure ya shiga domin nan ce ƙofa, ya zarce banɗaki domin nan ne gangare. Daga Fori zuwa Gwange, daga Gamboru zuwa Bulabulin, har Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno, an yi asarar da ba ta wasa ba: rayuka, dukiya, da dubban ɗaruruwan mutanen da suka kwana a sansanoni. Rabon garin da irin wannan tun 1994. Amma da ruwa ya janye aka koma gida kwasar laka, sai ga wani abu ya ɓullo wanda ko mai jimami sai ya murmusa: gari ya cika da maginan da ba su taɓa riƙe cokalin gini ba.

Ba laifinsu ba ne. Kowa na neman magini a lokaci ɗaya, shi kuwa siminti a Fabrairun 2024 buhunsa ya taɓa haura naira 10,000 a garuruwa da dama. Ɗakin kwana zai iya jira, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Zaure kuwa fuskar maigida ne, banɗaki kuma ba ya karɓar uzuri. Sai magidanta suka naɗe hannun riga, kowa da irin halinsa.

Na gaba-gaba shi ne injiniyan waya. Ya kalli wani ɗan Indiya a YouTube ya shimfiɗa tayil a banɗaki cikin minti takwas, ya ajiye waya ya ce, “Ashe wannan ne ake karɓar mana kuɗi a kai?” Washegari ga shi a Keke Napep, tunda an hana acaɓa a garin tun 2011, kwalayen tayil a cinya, bututu mai inci huɗu ya leƙo ta baya yana gaisawa da masu wucewa. A kanti ya zaɓi tayil mafi sheƙi, mai shago ya ce, “Alhaji, wannan na bango ne,” ya amsa da cewa bango da ƙasa duk gidansa ne. Ya yi aikin da zuciya ɗaya, a ba shi wannan. Layi ya miƙe, kusurwa ta haɗu, daɓe ya kwanta sumul. A nan gizo ke saƙar, domin ba a son daɓen banɗaki ya kwanta sumul. Ana so ya ɗan karkata, kimanin santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ya nufi rariya. Ɗan Indiyan ya yi hakan, sai dai a daidai wurin da aka hanzarta bidiyon.

Ranar gwaji aka juye bokiti guda. Ruwa ya tsaya ya yi shawara, ya dubi rariya, ya juya ya nufi ƙofa. Tun daga ranar banɗakin ya samu tsintsiyar kansa, duk wanda ya yi wanka sai ya yi shara. Tayil mai sheƙin nan kuma, da ya haɗu da kumfar sabulu, ya koya wa manya da yara tafiyar hawainiya. Idan baƙo ya yi magana, amsar injiniya a shirye take: “Ƙasar ce ta zauna bayan ambaliya.”

Maƙwabcinsa mai tsumulmula ba ya kallon waya, aljihunsa yake kallo. Magina kan haɗa awo ɗaya na siminti da huɗu zuwa shida na yashi idan za su yi filasta. Shi a wurinsa wannan almubazzaranci ne. Buhu ɗaya mai kilo 50 zai yi zaure, ya yi banɗaki, ya rage na toshe ramin ɓera. Yashi ba ya saye, yara yake turawa su kwaso wanda ruwa ya tara a bakin layi, da laka da ledoji da duk abin da kogin Ngadda ya ga dama ya bari. Sai batun ban-ruwa. Siminti ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so, a riƙa yayyafa masa ruwa na aƙalla mako guda kafin ya kama, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai wajen kwana 28. Amma a unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka wurin mai moya, wa zai shayar da bango? A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, filastarsa kan bushe kafin la'asar, maigida ya yi hamdala da saurin aiki. Bayan wata biyu, duk wanda ya jingina a zaurensa sai ya tashi da rabin bangon a bayan riga.

Akwai kuma wanda ya rantse ruwa ba zai sake shigar masa gida ba, ko da Alau ta sake ɓallewa. Wannan ya fi kowa cancantar tausayi, domin abin da ya gani ne ya firgita shi. Ya ɗora layi uku na bulo mai inci tara a bakin zaure. Gyatumarsa sai an kama mata hannu kafin ta hau ta sauka. Keken yara ya koma kwana a waje. Ragon layya mutum uku suka ɗaga shi aka tsallakar. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya manta shi ne tsohuwar rariyar da ke bi ta ƙarƙashin zaure tana fitar da ruwan tsakar gida zuwa kwata, wadda ya toshe da kankare don kada ruwan waje ya biyo ta. Da daminar da ta biyo baya ta kankama a Agusta, ruwan waje bai shigo ba kam, amma na ciki ma bai fita ba. Iyalinsa suka kwana suna kwalfa da roba, 'yan unguwa suka raɗa wa gidan suna Alau ƙarama.

Duk waɗannan ba su kaɗai suke aiki ba. Suna da hukumar sa ido, wato 'yan dakali, waɗanda ke zaune ƙarƙashin dogon yaro da butar shayi. Ba su ɗaga ko kwanon yashi, amma ba a juya cokali ba da saninsu ba. Ɗaya ya ce siminti ya yi yawa, ɗaya ya ce ya yi kaɗan, na uku ya ce a zamaninsu simintin Ashaka kaɗai ake gini da shi. Mafi haɗari a cikinsu shi ne mai shiru. Yana kallo aka haƙa, aka dasa mazaunin tsuguno, aka zuba kankare, aka jira ya kama. Sai ranar da maigida ya kira jama'a su sa albarka, ya leƙa, ya gyara zaman hularsa, ya ce, “Ma sha Allah, aiki ya yi kyau. Sai dai, Malam, kamar gabas yake kallo ko?” Kowa ya san ba a fuskantar alƙibla ko a ba ta baya wajen biyan buƙata. Malamai na da bayani a kan hukuncin idan a cikin gini ne, amma maganar ta riga ta shiga kunnen uwargida, kuma daren ranar za a ji ƙarar guduma.

Shi kuwa ɗan ƙwalisa lissafinsa daban ne: baƙo zaure yake gani. Saboda haka zaure ya sha fenti kala biyu, ya samu silin, da ƙwan lantarki mai canza launi, da ƙofar ƙarfe mai zanen dawisu. Fentin ma a kan jiƙaƙƙen bango aka shafa shi, alhali bangon da ya kwana cikin ruwa kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya saki danshi. Ba a jima ba fenti ya kumbura, farin gishiri ya feso daga gindin bango daidai inda ruwa ya tsaya. To wannan asarar kuɗi ce kawai. A zagaya baya a ga banɗaki: buhun shinkafa ne ƙofa, murfin shadda ya tsage, ramin ya cika ya tumbatsa tun ranar ambaliya, ga rijiya taku kaɗan daga wurin.

A nan dariya kan tsaya. Masana tsafta na ba da shawarar a nisanta ramin bayan gida daga rijiya da kimanin mita 30, abin da ƙananan filaye a tsofaffin unguwanni ba sa bari. Ambaliya kuwa ta haɗa abin da ke shadda da abin da ke rijiya, kuma a farkon Oktoban 2024 gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Cikin duk maginan nan, ɗan ƙwalisa ne kaɗai kuskurensa ke tsallaka katanga ya shiga randar maƙwabci. Kuɗin ƙofar dawisun nan ya isa a yashe rami, a yi masa murfi, a kafa bututun iska da ragar hana ƙuda a kansa.

Mai “sai bayan Sallah” ba ya buƙatar dogon bayani. Ya fasa tsohon daɓe da zafinsa, ya jibge yashi a zaure, ya jingina baro. Ƙaramar Sallah ta wuce, babba ta wuce, Maulidi ya wuce. Yashin ya zama filin wasan yara, kaza ta yi ƙwai a baro, buhun simintin da ya ajiye a ƙasa ya sha danshi ya daskare, yanzu a kansa ake zama a yi alwala.

Wadda ta san gaskiyar aikin tun farko ba ta cikin jerin nan, domin ba a tambaye ta ba. Uwargida ce ke wanke banɗaki, ta san kusurwar da ruwa ke kwanciya, ta san tsayin da ya kamata a kafa ƙusar rataye zane, ta san inda takalman yara ke taruwa a zaure idan an taso daga Islamiyya. Ta faɗa sau ɗaya, “Baban su Falmata, ruwan nan fa ba can yake bi ba,” aka ce aikin maza ne. Ta ja bakinta. Matan Borno sun yi suna a turaren wuta da humra, amma ko kaskon da ya fi kowane ƙamshi ba ya maganin bututun da aka haɗa kai tsaye da rami, ba tare da lanƙwasar da ke riƙe ruwa ta tare wari ba. Da ta gaji da ƙona turare, sai ta jira ɗaukar adashinta, ta aika ƙaninta ya kira magini.

Magini na gaske kan zo da yamma, da igiya da ma'aunin ruwa a tsohuwar jaka. Ba ya gaggawa. Ya ƙwanƙwasa tayil da gindin cokali ya ji inda ke amsa kuwwa, ya murza filasta da yatsa, ya nemi buta ya tsiyaya ruwa a daɓe ya bi shi da ido har bakin ƙofa. Sannan ya faɗi kuɗi kashi biyu, na rushewa daban, na gini daban. Maigida na tsaye a bayansa, 'yan dakali sun taso sun cika zaure.

“Alhaji, wa ya yi muku wannan aiki?”

Alhaji ya dubi uwargida, ya dubi 'yan dakali, ya yi gyaran murya. “Wani yaro ne,” ya ce. “Ya ma bar garin.”