Maigida da Makullin Wayfai

Wayfai, wato intanet ɗin da na'urar da ake kira rawuta ke watsawa ta iska, bai san iyakar katangar gida ba, don haka duk wanda ya jingina da bango daga waje yana iya kwasar rabonsa matuƙar ba a kulle shi ba. Kullewar ita ce sakaya bayanai, ma'ana dagula saƙon da ke kai-kawo tsakanin waya da rawuta ta yadda ba mai iya karanta shi sai mai riƙe da kalmar sirri. Tsarin farko, WEP, ya fito a 1997, masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka tona rauninsa a 2001, sannan WPA ya biyo baya a 2003, WPA2 a 2004, WPA3 kuma a 2018.

Duk wannan gumi na masana yakan ƙare ne a hannun maigida, wanda WPA2 ya ba shi damar zaɓar kalma mai haruffa 8 zuwa 63, shi kuwa ya zaɓi 12345678. Ranar da datar wata guda ta ƙare cikin mako, ya kuma lura samarin unguwa sun mayar da dakalin ƙofarsa majalisa, kowa kai a sunkuye ba mai ce wa wani uffan, sai zuciya ta ɗebe shi ya shiga shafin sarrafa rawutar ta adireshi irin 192.168.1.1, inda sau da yawa sunan shiga da kalmar sirri duk "admin" ne. Nan yake dasa doguwar kalma mai cakuɗe da lambobi da alamomi, wanda daidai ne, sai dai yakan ƙi rubuta ta a ko'ina, ya ɓoye wa uwargida, ya sauya "admin" ɗin ma da wata irinta, washegari kuma a iske shi ne mutum na farko da dokar ta hau kansa.

Abin da ya rage shi ne ɗan ramin da ke bayan na'urar, wanda ake zura wa tsinken tsintsiya a danne na ɗan lokaci, sai komai ya koma yadda ya baro masana'anta. Hakan yakan farfaɗo da WPS a wasu rawutoci, wato hanyar shiga da lambobi 8 da Stefan Viehböck ya nuna a 2011 cewa gwaji kusan 11,000 ya isa a fasa ta. Samarin dai ba sa buƙatar wannan wahala, domin kalmar masana'anta tana manne a ƙarƙashin rawutar, autan gidan kuwa ya daɗe da ɗaukar hotonta yana musayarsa da alewa.