Taubashina Ya Sayo Iccen da Akuya Ta Ƙi

Ɗan gwaggo, bawan gidanmu, ina gaishe ka daga zaune, yadda ubangida ke gaida baransa.

Labari ya iso mu Badagishiri, ba kuma daga baki ɗaya ba, wai ka kafa icce a tsakiyar shagonka na Birnin Ƙonni. Da farko har na yi hamdala, na ce to, jinin kawunnai ya fara motsi a jikin yaron nan. Sai masu kawo labari suka ƙarasa: iccen a kwali ya zo, gunduwa-gunduwa, da hannu aka harhaɗa shi, ƙafafunsa na ƙarfe, ganyensa na roba, da magariba kuma sai an jona shi da lantarki ya dinga ƙifta ido ja da kore. Wai har ka hana yaran shago taɓa shi, kai kaɗai ke kaɗe masa ƙura da tsumma.

Laifin ba naka ba ne kai kaɗai, har da na mazauni. Illela biyu Allah ya ba yankin nan. Akwai tamu, ta Sarkin Adar, inda mutane ke fasa fako su fitar da hatsi da itatuwa. Akwai kuma wadda ke bayan iyaka, cikin jihar Sakkwato, wadda ɗan kabu-kabu ke kai ka kafin shayinka ya huce. Gwaggo ta fito daga ta farko, aure ya ajiye ta a gindin ta biyu, shi ke nan ka tashi kana ganin duk abin da ya zo a kwali ya fi wanda ya tsiro daga ƙasa. Tumatir na gwangwani, madara ta gari, furen roba a kan talabijin, yanzu kuma icce. Saura rago. Ina nan ina jiran Layyar da za ka hura ragon roba da famfon keke ka ɗaure a ƙofar gida.

Ka ma san abin da ka saya kuwa? An ce da aka tambaye ka, cewa ka yi adon sabuwar shekara ne, yana jawo masu saye. To matso ubangidanka ya karantar da kai kyauta. Iccen Kirsimeti ne. A ƙasar Jamus al'adar ta kafu tun ƙarni na 16. Can sanyin Disamba kan kakkaɓe ganyen kusan kowane icce, sai wasu masu ganye siri-siri da ke nan kore shar ko da ƙanƙara ta lulluɓe su. Mutane kan saro ɗaya su shiga da shi ɗaki, su rataya masa 'ya'yan itace, daga baya aka ƙara da kyandir. Daga nan abin ya bazu Ingila da Amurka. Na jabun ma Jamusawa suka fara shi, a ƙarni na 19, da gashin wani tsuntsu ɗan uwan agwagwa da suke rinawa kore. Irin naka na yau kuwa daga ƙasar Sin suke fitowa, da robar da ake yin bututun famfo. Birnin Yiwu, wanda masu zuwa sarin kaya suka sani, shi ke ciyar da yawancin duniya kayan adon Kirsimeti, alhali masu ƙera su ba bikinsu ba ne. Ka ga ke nan kun dace: wanda ya ƙera bai san bikin ba, wanda ya saya bai san bikin ba.

Maƙwabtanmu Kiristoci na Galmi, inda asibitin mishan yake tun 1950, da na nan cikin Ƙonni, idan wani a cikinsu ya kafa na roba a ɗakinsa ban ga abin cewa ba. Sallarsu ce, kuma iccen na asali ba ya jure zafinmu. Suna da hujjarsu. Kai mece ce taka? Kai da ba ka sanin ranar ta zo sai ka je ofis ka tarar a rufe.

Can inda al'adar take, duk shekara sai an tada gardama kan wanne ya fi. Masu son na gaske suna cewa a gona ake noma shi, ya yi shekara 7 zuwa 10 kafin a sare, a dasa wani a gurbinsa, bayan biki kuma a niƙe shi ya zama taki. Masu son na roba suna cewa saye ɗaya ya isa, ba shara, ba sare-sare. A 2009 wasu masana a birnin Montreal na Kanada suka auna ɓarnar da kowanne ke yi wa iska, tun daga ƙira har sufuri, suka ce sai na roba ya yi wajen shekara 20 ana mora kafin ya biya bashinsa. Shekara 20, taubashi! Ka san abin da ranar watan Afrilu ke yi wa bokitin roba a tsakar gidan Ƙonni. Ka kuma san kanka. Wayar hannu ba ta taɓa yin Sallah biyu a aljihunka ba.

Amma abin da ya fi ba ni dariya labarin akuyar ne, kada ka yi musu, a gaban mutane aka yi. Akuyar Ƙonni fa, wadda ke cin kwali, ta ci takardar siminti, ta haɗa da gefen zanen da aka shanya. Ta shigo shago, ta ga kore, ta tafi da saurinta, ta shinshina sau ɗaya, ta yi atishawa, ta juya ta koma kan kwalin da iccen ya zo a ciki. Ta zaɓi kwalin! In da kai mai lura ne, da a nan ka gane wanne ya fi daraja cikin kayan da ka biya kuɗinsu.

Kuma in ado kake so, ai gari ya riga ka. Fita bakin kasuwa ran Laraba da yamma ka dubi itatuwan ƙaya. Kowane reshe da baƙar ledarsa tana kaɗawa. Tun 2014 aka yi dokar hana irin wannan leda a Nijar, ledar dai ba ta ji an karanta dokar ba. Roba ta hau kan itatuwanmu na gaske ba ta isa ba, sai ka je ka sayo wanda tun daga saiwa har kai roba ne.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka tun muna satar goruba. Za ka ce naka ba ya neman ruwa, ba ya zubar da ganye, tsuntsu ba ya ɓata maka kaya, gara ba ta cinsa. Duk gaskiya ne. Haka ma ba ya inuwa, ba ya 'ya'ya, ba a miya da shi, ba ya maganin shawara, idan ka sa shi a murhu kuma hayaƙinsa ya kore ka daga ɗaki. Zubar da ganyen da kake gudu shi ne dukan arzikin gawo. Da damina, lokacin da hatsi ke son rana, sai gawo ya tuɓe ganyensa ya zuba wa gona, ya bar haske ya sauka. Da rani, da kowa ya bushe, sai ya yi kore, dabbobi su kwanta a gindinsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Je ka dubi zangarniyar gero a gindin gawo, ka dubi ta nesa da shi, ba sai malamin gona ya yi maka bayani ba. Ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram na da kan sa hukuncin kisa a kan mai sare gawo. Da a zamaninsu ka zo da naka, ba su kashe ka, don ba ka sare kome ba. Dogarai dai za su zagaya da kai kasuwa da iccen a ka, jama'a su sha kallo.

Kada ka ɗauka kai ka fara kafa iccen ƙarya a ƙasar nan. Can cikin Tenere, gabas da Agadas, akwai wani iccen ƙaya guda ɗaya tilo da ayarin gishiri ke kwatance da shi a hanyar Bilma. Tafiyar kwanaki ba ka ganin wani. Da aka gina rijiya kusa da shi, aka tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi. Dubi faɗin Tenere, a ce icce ɗaya ne a ciki, kuma shi mutum zai samu ya kara! Ni dai har yau ina zargin direban ɗan gwaggon wani ne. Gawar iccen tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinsa kuma aka kafa na ƙarfe. Masu yawon buɗe ido sun sha ɗaukar hoto da shi, amma raƙumi bai taɓa miƙa wuya gare shi ba. Su dai sun yi nasu ne don juyayin wanda ya mutu. Kai naka ta'aziyyar wa kake karɓa?

Mu a Nijar muna da bikin icce namu na kanmu, sai dai ba a Disamba yake ba. Ranar 3 ga Agusta ce, ranar 'yancin kai, wadda tun 1975, zamanin Seyni Kountché, aka haɗa ta da dashen itatuwa, bayan farin da ya gigita Sahel a farkon shekarun 1970. A shekarar ce kuma aka fara jera layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iska, kwarin nan da ruwansa ke gangarowa ya cika madatsun da fadamar Ƙonni ke sha. Albasar da kake ci da tinƙaho tana da alaƙa da abin da ake yi wa ƙasa can sama, ko ba ka sani ba.

A nan zan ba ka rabin gaskiya, rabi kawai, kada ka saba. Ba kowane dashen 3 ga Agusta ne ya fi naka ba. Mun sha ganin babban mutum ya zo da manyan kaya, an riga an haƙa masa rami, an miƙa masa ɗan icce, ya tsuguna a ɗauki hoto, a zuba ruwa buta ɗaya, a tafa, a watse. Kafin Oktoba akuya ta gama da shi, sai allon da ke ɗauke da sunan mai dashen ke tsaye. Badi a dawo ramin nan dai a sake. Wannan iccen da naka uwarsu ɗaya, duka don ido aka kafa su. Naka ma ya fi shi ladabi, tunda bai ɓata ruwan buta ba.

Itatuwan da suka tsaya da ƙafarsu ba a yi musu taro ba. Ka tuna fakon da ke tsakanin Badagishiri da Illela muna yara, jar ƙasa mai tauri, ruwa ya sauka ya gudu ko ciyawa babu. A 1989 wani shiri na asusun raya noma FIDA ya kai manoma 13 daga yankin Illela zuwa Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako a zuba taki. Suka dawo suka gwada, abin da muke kira tassa. Ramin na tare ruwa, gara na bin takin tana huda ƙasa, gero ya tashi inda ba a taɓa shuka ba. Cikin takin nan kuwa akwai ƙwallon duk abin da dabba ta ci, sai ga gawo da magarya da aduwa da kalgo suna leƙowa daga ramukan, ba wanda ya dasa su. Aikin manomi shi ne ya bar su, ya rage musu rassa, ya tsare su daga bakin dabba da gatarin maƙwabci. Har ta kai fakon da a da ko kyauta ba a karɓa ya zama abin saye da sayarwa. A ƙauyen Batodi ruwan rijiya da ke can ƙasa ya hauro kusa, mata suka buɗe garaken kayan miya. Can Maraɗi kuma, tun 1983, aka ɗauki sassabin zamani: kututturen da ke tohowa a gona ba a ƙone shi, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari. Masana sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 ta wannan hanya a kudancin Nijar. Ko ɗaya bai zo a kwali ba.

Gonar kakanmu tana cikin waɗannan. Gwaggo tana da rabo a ciki, wato kai ma kana da shi, ko da yake rabon da ƙafarka ta taka wurin tun kana tallar goro. Duk shekara idan an sussuka kana aiko yaro da buhu. Buhun bai taɓa ɓata hanya ba, kai ne hanyar ke ɓace wa.

Saboda haka ga hukuncin ubangida. Iccen ba zan ce ka yar ba, kuɗi ka sa, kuma jefar da shi wata ɓarnar ce. Bayan sabuwar shekara ka aiko da shi ta motar Tawa, a sauke mini a tasha. Lokacin da gero ya fara ido za mu kafa shi a tsakiyar gona mu rataya masa gwangwanaye, mu ga ko tsuntsaye za su ji tsoronsa. In sun sauka a kansa ma ya ci riba, karo na farko ke nan da wani mai rai ya amfana da shi. In hakan ya yi maka ciwo, ka kai shi Malbaza a zuba masa siminti a gindi, ka ajiye a zaure baƙi su riƙa rataya hula.

Kai kuma ina son ganinka da kanka kafin ruwan farko, lokacin haƙar tassa, ba ran 3 ga Agusta da farar shadda ba. Rami 100 ne rabonka, na riga na auna maka wurin, can gefen da dutse ya fi yawa. Ka zo da buhun albasar Galmi a matsayin tara, ka bar agogon nan mai ƙyalli a gida. Maganar kuɗin shara kuma tana nan, ba ta bi ruwa ba. Ka gaida gwaggo, ka ce mata ta dama man kaɗe ta ajiye, don tafin hannun ɗanta zai dawo da kanta.