Jinjina ga Makarantun Ɗari Bisa Ɗari

A 2019 majalisar dokokin jihar Texas ta Amurka ta zartar da wata doka mai suna HB 3. Dokar ta ce duk gundumar da ɗalibanta suka fito da shirin shiga jami'a, ko kama sana'a, ko shiga soja, fiye da adadin da aka gindaya, za a ba ta tukuici: dala 5,000 kan kowane ɗan talaka, dala 3,000 kan ɗan mai hali. Bayin Allah, suna can suna ganin sun ƙago dabara. Da sun turo mutum ɗaya Kurmin Sarki da ke Suleja, da an hutar da su zaman majalisa.

Mu nan Suleja ba mu jira gwamnati ba. Mai makarantar kuɗi ya daɗe da sanin cewa tuwonsa na rataye da sakamakon WAEC da NECO. Kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, shi ne kuɗin haya, shi ne albashin malamai, shi ne sabuwar motar bas. Shi ya sa da zarar sakamako ya fito za ka ga ƙyalle a bakin ƙofa da hotunan yara, an rubuta ɗari bisa ɗari. Iyaye kuwa ba su da rowa. Daga Madalla, daga Zuba, har daga cikin Abuja ake kawo yaro ya yi rajista a shekarar ƙarshe, a biya kuɗin jarrabawa, a ɗora da kuɗin haɗin kai.

Kuma haɗin kan ake yi, wallahi. Malamin Lissafi da bai cika zuwa aji ba duk zangon karatu, ranar jarrabawa shi ne farkon isowa, da allinsa a hannu, yana rubuta amsa a allo da kyakkyawan rubutu don kada wani yaro ya wahala. Mai sa ido da aka turo daga nesa, an san ya sha hanya, sai a shigar da shi ofis, ga shinkafa, ga lemo mai sanyi, ga na goro a ambulan. Maigadi na bakin ƙofa yana duban kowace baƙuwar mota. Ina aka taɓa ganin ma'aikatar da kowa ya san aikinsa haka? Ga adalci kuma. A wasu wuraren makaranta kan ƙi yi wa yaro mai rauni rajista don kada ya ɓata mata suna. A nan ba a wariya: wanda ya kwana yana karatu da wanda bai iya karanta tambayar ba, maki ɗaya suke tashi da shi, wani lokaci har da kuskure iri ɗaya a layi ɗaya.

Amurkawa ma sun gwada, sai dai ba su da gwaninta. A Atlanta malamai sun riƙa goge amsoshin yara a ɓoye suna gyarawa saboda a ga makarantunsu sun ci, har a 2015 kotu ta sami goma sha ɗaya da laifi. Mu ma muna da doka, kada a raina mu. Ta soja ta 1984 ta yanka shekara 21 a kurkuku, ta 1999 ta sassauto. Alhamdulillahi, har yau gidan yarin Suleja bai koka da cunkoson masu makarantu ba.

Gwamnatin jiha ma ta cancanci godiya. Hedikwatar NECO a Minna take, amma an sha riƙe sakamakon 'yan makarantun gwamnatin Neja saboda bashin kuɗin jarrabawa. Wannan tausayi ne: yaron da bai ga sakamakonsa ba, ai ba za a ce ya faɗi ba.

Mai ɓata mana lissafi ɗaya ne, kwamfutar JAMB, wadda ba ta cin goro. A 2025 sama da ɗalibai miliyan 1.5, cikin kusan miliyan biyu, ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Wannan rashin kunya ne irin na na'ura. Yaya za a ce yaro mai kiredit tara ya zauna shi kaɗai da tambaya, ba malami, ba allo?

Amma ba a rasa mafita. Mai ƙarfi a jika zai ɗauki takardarsa ya nufi Defot na sojoji a Zariya, inda za a fi duba ƙirjinsa da gudunsa. Wani zai kafa lema da na'urar POS a bakin hanyar Kaduna. Ita kuwa yarinyar da hotonta ke saman ƙyalle, mai A1 a Turanci, makarantar ba ta yar da ita ba. Ta ɗauke ta aiki, a watan Satumba za ta fara koyar da 'yan firamare karatu.