Ranar Da Muka Cinye Alhaji

Babu lissafin da ya kai na kiwon zomo daɗi, muddin a takarda ake yin sa. Zomanya wata guda take ɗaukar ciki, kwana talatin ko da ɗaya, ta zubo 'ya'ya shida, bakwai, wani lokaci har goma. Kafin ka gama murnar waɗannan ta shirya wa na gaba, su kuma 'ya'yan da sun kai wata biyar zuwa shida sun isa su buɗe nasu gidan. Abincin zomo ganyen dankali ne da harawa da ɗan dusa, sai ɓawon kabejin da masu kayan miya ke neman wanda zai kwashe musu. Ba ya cara da asuba, ba ya shiga gonar maƙwabci a kawo ƙara.

Na yi wannan lissafi ne bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lokacin da kaza ta fara zama abin da malamin makaranta irina ke gaisarwa daga nesa. A Samaru ta Zariya nake zaune, kuma saboda kusancinmu da Shika, inda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello take, kowa a unguwarmu masanin dabba ne, har da mai faci. Shi ne ma ya haɗa ni da wani mai kiwo, na sayo farare biyu, mace da namiji, masu jajayen idanu, irin waɗanda ake kira New Zealand. Kafinta ya buga mini keji na katako da raga, na kafa shi a inuwar bayan ɗaki.

Yara uku gare ni. Kafin in wanke hannu daga kafa kejin har sun yi raɗin suna. Macen Amarya. Namijin kuwa, saboda kullum cikin fararen kaya yake, ga tumbi, ga shi ba ya motsi sai an kawo abinci, suka sa masa Alhaji. Na yi dariya tare da su. Auta, ɗan shekara biyar, shi ke ɗaukarsa a cinya yana ba shi labarin makaranta. Babbar, wadda ƙannenta ke kira Yaya, ita ke tsinto masa ganye a hanyar Islamiyya.

Azumin 2024 ya same mu da keji cike maƙil. Masu kiwo na cewa namiji ɗaya ya ishi mata takwas zuwa goma, ni kuwa maza sun yi mini yawa, kullum ana cizon juna, gashi na tashi. Alhaji ya fi kowa ƙiba, ya fi kowa ci, ya fi kowa faɗa. A kasuwa kuma farashin kajin Sallah sai hawa yake. Ba sai an kira taro ba.

Duk da haka na bi ta kan limaminmu bayan sallar asham, don kada in ciyar da iyali abin da ke da shubuha. Ya ce halal ne ba tantama, mazhabobin nan huɗu duk sun yarda. Ya kawo hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Buhari da Muslim, cewa sun koro wani zomo a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka shi ya aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cinyoyin, ya kuma karɓa.

"Sai dai fa ba a layya da shi, Malam," in ji shi.

"Allah ya gafarta Malam, ai ƙaramar Sallah ce."

"To madalla. Ka dai ji inda aka kai cinya."

Ranar jajibere aka tura Yaya kitso da lalle, maza biyun kuma wajen tela su yi zaman jiran ɗinki, wanda kowa ya san ba ya ƙarewa kafin tsakar dare. Na ɗauki wuƙa na zagaya baya. Ni fa ba baƙon yanka ba ne, tun ina yaro nake danne rago. Amma rago yana turjewa, yana shure ka, yana ba ka dalilin jin haushinsa. Alhaji da ya gan ni sai ya taho bakin keji yana motsa hanci, yana zaton ganye na kawo. Na tallafo shi ta ƙasa, don ba a ɗaukar zomo ta kunne, na ji zuciyarsa na bugawa ɗar-ɗar a tafin hannuna. Na fuskantar da shi gabas, na yi bisimilla da wata murya da ban san ina da ita ba.

Fiɗarsa ba wuya, fatar zarewa take kamar an cire safa. Matsalar ita ce abin da ke fitowa daga ciki. Uwargida ta leƙo, ta dubi tasa, ta ja da baya.

"Malam, wannan ai kyanwa ce."

Ba ita kaɗai ta taɓa ganin haka ba. A Faransa da Italiya, inda aka saba cin zomo, mahauta kan bar masa kansa don mai saye ya tabbatar da abin da ya saya. Na kawo mata wannan hujja, ta ce ita ba 'yar Faransa ba ce, kuma in sani ba za ta yi wa 'ya'yanta ƙarya da bakin azumi ba. Muka daidaita a kan cewa ba mai cewa kaza ce, ba mai cewa ba kaza ba ce. Naman Sallah ne, iyakar magana. Na ƙaro wata 'yar ƙaramar kaza don a gauraya a ɓatar da sawu. Kejin kuwa na lulluɓe shi da buhu, na ce wa yara zafin bazara na wahalar da zomaye, kada wanda ya dame su. Wannan ɓangaren gaskiya ne, zomo ba ya jure zafi, ta kunnuwansa yake rage shi.

A ba uwargida haƙƙinta. Naman zomo ba kitse, da ka sake da shi a mai sai ya bushe ya ƙi taunuwa. Ta jiƙa shi da citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari, ta sulala shi a hankali, ta ɗan soya sama-sama, sannan ta sake shi cikin miyar taushe. Ranar Laraba, 10 ga Afrilu, muna dawowa daga idi ƙamshi ya tare mu tun daga zaure.

Aka baje tabarma, ga waina tuli guda, ga zoɓo. Mahaifiyata Hajiya, wadda ta zo mana Sallah daga ƙauye, ta zauna a tsakiyar jikokinta. Yara suka sa hannu. Auta ya ci ya ƙara, mai na bin gwiwar hannunsa zuwa sabuwar shadda. Yaya ta ce bana Mama ta fi kowace shekara. Na fara sakin jiki.

Na manta da na tsakiyar. Wannan yaro a makaranta lissafi ba ya shiga kansa, amma a kan kaza babu akawun da ya kai shi, domin shekara da shekaru yana shari'ar fiffike da ƙannensa da yayyensa na dangi. Ya tsaya yana juya cokali cikin tasa.

"Baba, cinya huɗu ce."

"To ai albarka ke nan. Ci."

"Kaza biyu ke nan. Amma fiffike biyu ne kawai. Ina sauran biyun? Kuma wannan mene ne mai kama da hannu?"

Na ce ana cin abinci ba a surutu. Uwargida ta tashi wai za ta ɗebo ruwa, alhali ga ruwa a gabanta. Da a nan abin ya tsaya da na sha. Sai Hajiya, wadda ba wanda ya sa ta cikin shirin, ta tsotsi wani ƙashi, ta ɗaga shi sama ta duba, fuskarta ta washe. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana.

"Kai wannan, wa ya yi maka farauta? Rabona da zomo tun marigayi na fita da karnuka da rani. Sai dai wannan na gida ne, ga shi fari sol. Na daji namansa ja ne, ya fi wannan gardi nesa ba kusa ba."

Yaya ta ajiye lomar da ke hannunta. Ba ta ce komai ba, ta miƙe ta zagaya baya. Muka ji an yaye buhu. Muka ji tana ƙirga da suna, ɗaya bayan ɗaya. Sai ihu.

Auta bai tsaya jin bayani ba. Ya yi waje da gudu, ba takalmi, baki duk mai, ya tsaya a tsakiyar layi, daidai lokacin da jama'a ke yawon barka da Sallah, ya buɗe maƙogwaro:

"Wayyo Allah! Baba ya yanka Alhaji! Mun cinye Alhaji!"

Gidan da ke jikin nawa na wani Alhaji ne ɗan kasuwa, fari, mai tumbi. Ya tafi Umara tun goman ƙarshe, kuma ba kowa ya san da tafiyar ba. Abin da mutane suka sani shi ne ba a gan shi a idi ba, sannan an taɓa jin mu muna ɗaga murya a kan magudanar ruwa. Na fito zaure hannuna jajir da manja, na tarar da samarin sintiri da gorori, mata na leƙe ta katanga, wani har ya tafi kiran mai unguwa. Na ce zomo ne. Wani ya ce wane irin zomo ne Alhaji. Aka tambayi yaron, ya ce cikin kuka shi dai Alhaji, mai fararen kaya, wanda ba ya son tashi. Bayanin bai taimake ni ba. Sai da na hau kan rufin kwano cikin babbar riga na sauko da fatar da na shanya da gishiri, da kunnuwanta, mai unguwa ya juya ta gaba da baya, sannan taro ya watse, wasu dariya har da riƙe ciki. Har yau akwai masu gaishe ni da "Malam, ya su Alhaji?"

A cikin gida shari'a ta fi ta waje zafi. Na tara su na ce, ku da kuke riƙe ƙafar rago duk shekara, kuna faɗa a kan hanta tun ba ta sauka daga wuta ba, yau ne kuka san tausayi? Yaya ta share hawaye ta ce, "Rago ai baƙo ne, Baba. Alhaji ɗan gida ne." Na buɗe baki na rufe. Rago kwana nawa yake yi a turke? Ba wanda ya taɓa ɗora shi a cinya ya ba shi labarin makaranta.

Hajiya kuwa ko a jikinta. Ta jawo tasa gabanta tana tsokanar auta: "Angona, zo ka ƙarasa cinyarka." Ya ce ya sake ta, kuma kada ta ƙara zuwa gidansu. Ta ce ta ji, ta ci gaba da tsotsar ƙashi. Ni ma na ɗauki tsoka guda don in nuna musu ba komai ba ne. Na kai ta baki, hancin nan mai motsi ya faɗo mini a rai, na mayar na ce waina ta cika mini ciki. Ɗayar cinyar aka kai wa liman, ya aiko da addu'a da tambayar ko akwai sauran maza a kejin.

Akwai, amma sun fi ƙarfina. Yanzu da zarar 'ya'yan zomo sun buɗe ido, wajen kwana goma da haihuwa, Yaya ke raɗa wa kowanne suna ta rubuta a takarda ta liƙa a jikin keji, a kira su safe da yamma. Mai saye ma sai ya amsa tambayoyi, kiwo zai yi ko ci. Dusa dai ni ke saye.

Da babbar Sallah ta zo a watan Yuni, na yi dabara. Kuɗin adashi na ɗauka na sayi ɗan ragon layya, na ɗaure shi a gidan wani abokina sai daren Sallah na kawo, don kada a samu sararin raɗin suna. Da asuba na tarar auta ya riga ni zuwa turke, yana zaune a ƙasa yana murza goshi. Gabana ya faɗi.

"Ka sa masa suna ne?"

"Na zo zan sa masa, ya tunkuye ni," in ji shi. "Baba, wannan ni zan ci hantarsa."