Sannu da Ƙoƙari, Dattawan Cooperstown

Madalla da masu kula da Zauren Gwanayen wasan besbol na garin Cooperstown a jihar New York. Duk Amurka ba a samu waɗanda suka iya karrama ɗan wasa kamarsu ba. Haƙurinsu ma abin a zo a gani ne: sukan jira har sai mutum ya kwanta dama, ƙasa ta rufe idonsa, sannan su rataya masa allon tagulla a bango, kada daɗin yabo ya ɗaga masa hankali.

Ga Josh Gibson. Mutanen da suka ga bugunsa a gasar baƙar fata sun sha cewa ba su ga na biyunsa ba, amma launin fatarsa ya hana shi taka filin manyan ƙungiyoyi. Ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kacal kafin Jackie Robinson ya ɓalle wa baƙar fata ƙofar manyan ƙungiyoyin. Aka binne shi a Pittsburgh, kabarin ya yi shekaru babu ko alama. Dattawa ba su yi gaggawa ba, ai gaggawa aikin shaiɗan ce. A 1972 suka tuna da shi. A 2024 kuma, da aka haɗa alƙaluman gasar baƙar fata da na sauran, sai ga Gibson a saman kowa da .372, ya ture Ty Cobb. Allah ya saka da wannan lissafi, ko da mai shi ya shekara 77 a ƙasa.

Kada kuma a ce ba su iya sauri ba. Kenesaw Mountain Landis, wanda ya shugabanci wasan daga 1920 zuwa 1944 ba tare da baƙar fata ko ɗaya ya shiga manyan ƙungiyoyi ba, ya mutu a Nuwambar 1944, kafin Disamba ta ƙare an ba shi gurbinsa. Cap Anson, wanda ya ƙi shiga fili saboda akwai baƙar fata a ƙungiyar abokan karawa, tun 1939 yake ciki. Wanda ya kulle ƙofa ai shi ya fi sanin hanyar ɗaki.

A 1971 karamcinsu ya kai har suka shirya wa Satchel Paige, gwanin gasar baƙar fata, kusurwarsa daban, kada ya matse wa fararen gwanaye wuri. Sai da jama'a suka yi ca sannan aka haɗa shi da sauran.

Amma inda gwanintarsu ta cika shi ne a kan Buck O'Neil. Wannan dattijo ya buga wa ƙungiyar Kansas City Monarchs ta gasar baƙar fata, ya jagorance ta, ya zama baƙar fata na farko da ya horar a manyan ƙungiyoyi a 1962 tare da Chicago Cubs, ya ƙarar da tsufansa yana yawo gari gari don kada a manta da abokan wasansa. A 2006 aka zaɓi mutum 17 daga zamanin gasar baƙar fata, ba ko ɗayansu da ke raye. O'Neil yana raye, yana da shekara 94, sai aka tsallake shi. Sannan, saboda tsabar sanin ya kamata, aka gayyace shi ya yi jawabi a bikin. Ya kuwa zo. Ya tsaya a gaban taron cikin zafin watan Yuli, ya yabi matattun, ya sa jama'a suka riƙe hannun juna suka yi waƙa. Ni dai duk sanda na tuna tsohon nan yana murmushi a bakin ƙofar da aka hana shi shiga, sai ƙirjina ya yi nauyi. A Oktobar shekarar ya rasu. A 2008 suka kafa mutum-mutuminsa a cikin ginin, a 2022 suka shigar da shi.

Dick Allen ma, wani baƙar fata ɗan wasa, sun yi masa irin wannan gata. Ƙuri'a ɗaya ta hana shi a 2014, ya rasu a Disambar 2020, ƙuri'a ɗaya ta sake hana shi a 2021. Da aka rataya allonsa a 2025, matarsa ce ta hau mumbari ta karɓa a madadinsa.