Birai Biyu da Sakata Ɗaya

Kawuna ya je Yamai ɗaurin aure, wani ya ja shi gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959, ya ga zaki da kura da dorina a bayan ƙarfe. Duk waɗannan ba su tsaya masa a rai ba. Abin da ya hana shi barci shi ne layin mutanen da ya gani a ƙofa, kowa da kuɗinsa a hannu. Da ya dawo Tsibiri sai ya aika aka kira ni.

"Ɗana," ya ce, "tun da Mayaƙi ya kafa garin ga bayan yaƙin Gawakuke, ka taɓa jin wanda ya buɗe gidan namun daji?"

Na ce tun 1836 ɗin ban ji ba.

"To, mu za mu hwara. Kai ka yi lakwal, talla taka ta."

Zaki ya fi ƙarfin aljihunsa, kura kuwa matarsa ta rantse ranar da ta shigo ita za ta fita. Aka tsaya a kan biri. Ya samo guda biyu a hannun wani gardi da ke yawon kasuwanni, daga Jiratawa zuwa Madarunfa, mutum mai layu har gwiwar hannu da murya mai daɗi. Ya ce wa Kawu irin waɗannan ba a samunsu yanzu ko a dajin Baban Rafi sai da rabo. Da na je na leƙa buhun, jan biri ne, babba da ƙarami, irin wanda kakanninmu suka tsufa suna jifa da majajjawa a gonar gujiya.

Na faɗa wa Kawu haka. Ya tambaye ni yaushe rabona da ganin jan biri a gonarmu. Na yi shiru ina lissafi. Gaskiyarsa: daji ya zama gona, gona ta zama fegi, ƙannena da aka haifa bayan shekarar 2000 sun san biri ne a waya kawai.

Kangon bayan gida muka share. Mai walda ya haɗa keji na ƙarfen gado da ragar kaji, bashi, sai bayan Sallah. Na ce a sa kwaɗo, Kawu ya ce sakata ta isa, dabba ce. Ni kuma na zauna na rubuta sanarwa mai ladabi: ranar Sallah bayan hawa, a zo a ga birai waɗanda suka yi ƙaranci a ƙasarmu, babba dala ashirin, yaro dala goma. Na kai wa sanƙira, na karanta masa har ya ce ya riƙe.

Da la'asar na ji shi a bakin tasha yana cewa birai ne daga Amurka, ɗaya yana sallama. Kafin magariba 'yan kabu-kabu sun kai maganar Maradi sun dawo da ita ta yi ƙiba. Wai goggon birin nan ne na Kano. Mai karatu zai tuna labarin 2019, da aka ce goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zoo na Kano, har gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce gidan ba shi da goggon biri ma sam. To, mutanenmu sun gano dalili: babu shi a Kano ne saboda yana kangon Kawu. Wata tsohuwa ta tare ni a hanya tana tambaya ko ya fara kashin kuɗin, kuma naira yake fitarwa ko sefa.

Na roƙi Kawu mu gyara maganar. Ya ce, "Kai ka biya su? Talla ta kyauta ka so ka kashe?"

Jajibere sai ga ma'aikacin gandun daji a kan babur, da kakinsa. Ya gaida Kawu da girmamawa, ya ce, "Baba, ina takarda?" Akwai dokar 1998 ta farauta da kare namun daji, ba a tsare naman daji a gida sai da izini. Kawu ya ce shi da kuɗinsa ya saya. Aka kawo hura, aka yi doguwar magana, a ƙarshe ya ce zai dawo bayan Sallah ya tafi da su. Kafin ya hau babur ya daɗe yana kallon sakatar nan. Ya ce mini a hankali, "Mushe, ka san wanga shi ya fi duk wani biri na duniya gudu a ƙasa? Yana yin kilomita 55 a awa." Na ce Allah mai iko. Ban gane gargaɗi yake yi ba, na ɗauka ilimi yake ba ni.

Ranar Sallah, ana watsewa daga ƙofar fadar Sarkin Gobir, jama'a ta juyo kanmu. Ban taɓa riƙe tsaba mai yawan ta ranar ba. Na zuba ta a jakar fata na rataya a wuya. Yara suka cika gaban keji suna ihu, wani yana kuka don murna, wata tana miƙa wa ƙaramin alewarta. Su kam sun ci kuɗinsu. Dattawa ne matsala. Wani tsoho da zanen Gobir har kunne ya kutsa da sandarsa, ya leƙa, ya juyo ya dube ni.

"Yaro, wanga ai jan biri na. Ubanshi ya cinye mini damana guda. Yanzu ni zan biya in ganai? Shi ya kamata shi biya ni."

Na sunkuya kusa da keji ina ciro masa dala ashirin ɗinsa. A nan na ji ƙarar sakata. Babban ya ziro hannu ta raga ya zare ta kamar mai gida zai fita sallar asuba, ya dafa kafaɗata, ya cire jakar ta kaina, ya haye katanga. Ƙaramin ya bi shi da hular Kawu.

Wani ya yi kururuwa, "Wallahi shi na! Na Kano na!"

Muka bi su, ni da sabuwar shadda, Kawu ba hula, yara sun fi ɗari a bayanmu suna murna don sun ɗauka yana cikin wasan. Ta lungu, ta kan rumbu, har muka gangara wajen gulbi. Maganar kilomita 55 gaskiya ce, na shaida. Ni ban kai biyar ba na zauna a gindin mangwaro ina neman numfashi.

Can sai na ji kiɗan 'yar ganga. Gardin nan ne zaune a inuwa, biransa biyu a gefensa, jakata a cinyarsa. Ashe tun suna ƙanana aikin da ya koya musu ke nan: in an gama wasa su zagaya taro su karɓo kuɗi su kawo masa. Kawu ya iso yana haki yana cewa sata ce. Gardi ya ce, "Alhaji, biri na sayar maka, ban sayar maka da tarbiyyarshi ba." Aka tara dattawa, cikinsu har da mai damana guda, aka yi sulhu: ya maido jaka, ya cire ladan tsintuwa, ya cire kuɗin gujiyar da ya ce sun ci a hanya. Abin da ya rage muka mayar wa waɗanda suka biya ba su ga komai ba, da wasu da na tabbata ba su biya ba.

Ma'aikacin gandun daji ya cika alkawari ya zo ya tafi da birai. Mai walda har yau in ya gan ni sai ya tambayi lafiyar na Amurka. Kejin yana nan, matar Kawu ta zuba jajayen awakinta a ciki, Kawu kuma ya sa masa kwaɗo biyu.