Narambaɗan Zaurena

Ɗan ƙanena da ke karatu a Yamai ne ya kunna mini wutar. Ya nuna mini a waya yadda Turawa ke rububin tsofaffin hotunan mawaƙan jaz, irin su Mills Brothers, 'yan'uwa huɗu daga Ohayo ta Amurka da suka yi tashe tun 1931, suna kwaikwayon ƙahon busa da bakinsu, jita ɗaya ce duk kayan kiɗansu. Ya ƙara da Malick Sidibé na Bamako, wanda hotunan da ya ɗauka na samari a wurin rawa suka ciyo masa Zakin Zinariya a Benis a 2007.

Na ce, to mu da ke da Ɗanƙwairo da Ɗan Gurmu na Tawa fa? In haɗa murya ake biya, wa zai gwada wa 'yan amshin Narambaɗa?

Ranar Laraba na shiga kasuwar Ƙonni ina cigiyar tsofaffin hotunan mawaƙanmu da ƙarfi, yadda duk mai kunne zai san wawa ya zo da kuɗi. Kafin la'asar wani dillali ya ja ni bayan rumfa, ya waiga hagu da dama, ya zaro hoto daga aljihun 'yar shara. Maza biyar ne cikin manyan riguna, na tsakiya ya rungume wani abu da danshi ya cinye rabinsa.

"Alhaji, kotso ne wanga. Narambaɗa ke nan a fadar Sarkin Gobir na Isa. Wani Bature ya taya, na ce gadonmu ba ya ƙetare teku."

Jika ashirin da biyar na ƙirga masa, har da godiya. Na sa aka yi wa hoton gilashi, na rataye shi a zaure. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha lacca kan Bakandamiya kafin ya sha ruwa. Mai kawo mini albasa daga Galmi ma ya koma yin sallama daga waje.

Rannan goggona ta zo daga Malbaza. Ta ƙura wa bangon ido, sai ga hawaye. Na ce a raina, ka ga wadda ta san darajar waƙa.

"Ɗan nan, Allah shi yi maka albarka da ka tuna da Baba. Ga shi nan da mudunsa, ranar da aka ba shi sarkin awo."

Kakana ne, mutumin da ko kiran salla ba a yarda ya yi ba saboda muryarsa. Daga cikin gida sai na ji uwargida ta yi tari. Ashe ita ta ba mai jari-bola hoton tare da tsofaffin kwanoni, ya ba ta bahon roba.

Goggo ta tafi da hoton, gilashi da duka. Mai karatu, in ka san mai sayen bahon roba a kan jika ashirin da biyar, ka turo shi, akwai ragi.